Tsohon ɗan bindiga a ƙofar fadar shugaban Ailan

A watan Oktoban 2011, Martin McGuinness yana zagayen neman ƙuri'a a wata cibiyar shaguna a garin Athlone, can tsakiyar Jamhuriyar Ailan, sai wani mutum ya sha gabansa riƙe da hoton wani soja. Hoton mahaifinsa ne. An harbe sojan a watan Disambar 1983 a wani daji kusa da Ballinamore, shi da wani matashin ɗan sanda da bai ma gama horo ba, lokacin da suka je ceto wani babban manajan kantuna da ƙungiyar 'yan bindiga ta IRA ta yi garkuwa da shi. Abin da mutumin yake nema shi ne sunayen waɗanda suka kashe ubansa. McGuinness ya ce bai san su ba. Mutumin ya dube shi a gaban kyamarorin 'yan jarida ya ce ƙarya yake yi.

McGuinness a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne. Shekara huɗu ke nan yana mataimakin shugaban gwamnatin Ailan ta Arewa, yankin da har yau yake ƙarƙashin Birtaniya, kuma ya fara aikin ne tare da Ian Paisley, faston nan da ya shafe shekaru yana tsine wa IRA. Shi ne babban mai shiga tsakani na jam'iyyar Sinn Féin a tattaunawar da ta haifi yarjejeniyar 10 ga Afrilun 1998, wadda ta kashe wutar rikicin shekara 30 da ya ci rayuka kimanin 3,500, kusan rabinsu a hannun IRA. Shi ne kuma ya faɗa wa kwamitin bincike na Saville da bakinsa cewa shi ne na biyu a kwamandojin IRA na birnin Derry ranar 30 ga Janairun 1972, ranar da sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 har lahira. Kotu a Dublin ta ɗaure shi a 1973, ta sake ɗaure shi a 1974. Inda ya kafe shi ne wai a 1974 ɗin ya bar ƙungiyar. Da wuya ka sami ɗan jarida ko masanin tarihin rikicin da ya yarda da wannan magana.

Kujerar da yake nema kuwa ba ta mulki ba ce. Mulki a Ailan yana hannun firaminista. Shugaban ƙasa yana sa hannu a dokoki, yana iya tura doka Kotun Ƙoli ta duba ko ta saɓa wa tsarin mulki, yana karɓar jakadu, yana zaune a fadarsa da ke dandalin Phoenix a Dublin na tsawon shekara 7, ba ya wuce wa'adi biyu. Ko fita ƙasar waje ba ya yi sai da yardar gwamnati. Tun da ba shi da kasafin kuɗi ko titin da zai yi alkawarin shimfiɗawa, yaƙin neman zaɓen yakan koma tonon silili kan halin ɗan takara da abin da ya shuka a baya. Sannan akwai wani saƙo a tsarin mulkin da ya zama wa McGuinness ƙarfen ƙafa: shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa. Rundunar da IRA ta kashe wa soja a 1983 ita ce za ta riƙa sara masa. IRA kuwa ta daɗe tana cewa ita ce halattacciyar rundunar ƙasar, har sunan rundunar gwamnati na harshen Ailan take amfani da shi.

Kafin mutum ya tsaya takara sai 'yan majalisa 20 ko ƙananan hukumomi huɗu sun tsaya masa. Sinn Féin tana da 17, 'yan majalisa huɗu masu zaman kansu suka cika mata.

Hujjar farko da magoya bayansa suka ɗauko daga tarihi ce, kuma hujja ce mai nauyi. Ailan ƙasa ce da 'yan bindiga suka kafa. Éamon de Valera kwamanda ne a boren 1916, Turawan Birtaniya suka yanke masa hukuncin kisa sannan suka sassauta. Ya bijire wa yarjejeniyar 1921, ya tsaya a ɓangaren da ya sha kashi a yaƙin basasar 1922 zuwa 1923, ya kafa jam'iyyar Fianna Fáil a 1926, ya karɓi mulki a 1932, ya zama shugaban ƙasa daga 1959 zuwa 1973. Wanda ya kara da shi a zaɓen 1959, Seán Mac Eoin, shi ma tsohon kwamandan IRA ne da ya tsallake igiyar rataya. Wato a waccan shekarar duk wanda ka zaɓa, tsohon ɗan bindiga ka zaɓa. Seán MacBride ya shugabanci IRA a 1936, ya zama ministan harkokin waje a 1948, ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1974.

Masu adawa suka ce ai wancan daban, wannan daban. Tsohuwar IRA ta yi yaƙi ne don a kafa ƙasar, da goyon bayan majalisar da aka zaɓa a 1918. IRA ta zamanin McGuinness ta ƙi amincewa da halaccin ƙasar da aka kafa, ta fasa bankunanta, ta harbe 'yan sandanta, ciki har da ɗan sandan ciki Jerry McCabe da aka kashe a ƙauyen Adare a 1996, ana tsakiyar maganar sulhu. De Valera kansa da ya hau mulki ya haramta IRA a 1936, ya tsare ɗaruruwan 'ya'yanta a sansanin Curragh, gwamnatinsa ta zartar wa wasu hukuncin kisa a shekarun 1940. Ni dai ban ɗauki tsohuwar IRA a matsayin waliyyai ba, ita ma ta kashe waɗanda ta zarga da leƙen asiri ta binne su a ɓoye. Abin da ya wanke ta nasara ce da tsawon zamani. Tsakanin ƙarshen yaƙin basasa da shigar de Valera fada akwai shekara 36. Tsakanin lalata makaman IRA a 2005 da takarar McGuinness akwai shekara 6, marayun suna nan da ransu, suna da hotuna a hannu.

Muhawarorin talabijin sun yi zafi. A wata tashar, ɗan jarida Vincent Browne ya riƙa zaro littattafai ɗaya bayan ɗaya yana jibgewa, kowanne yana cewa McGuinness ya ci gaba da zama jigo a IRA bayan 1974. A gidan talabijin na ƙasa, RTÉ, Miriam O'Callaghan ta tambaye shi yadda zai yi da Ubangijinsa kan kashe-kashen da ake danganta shi da su, ya ce tambayar abin kunya ce. Shi ma bai yi shiru ba, ya zargi wasu 'yan jarida da 'yan siyasar Dublin da zama 'yan koren Birtaniya. Wannan gidan na RTÉ, a tuna, doka ta hana shi sa muryar ɗan Sinn Féin har zuwa 1994.

Abin dariya shi ne McGuinness bai ci zaɓen ba amma shi ya juya akalarsa. Kwana uku kafin ƙuri'a, ɗan takara mai zaman kansa Seán Gallagher ne ke kan gaba da tazara. A muhawarar ƙarshe McGuinness ya zarge shi da karɓo wa Fianna Fáil cakin Yuro 5,000 daga wani ɗan kasuwa, mai gabatarwa ya karanto wani saƙon Twitter da daga baya aka gano na bogi ne, Gallagher ya daburce a idon duniya. RTÉ ta nemi afuwa ta biya shi diyya bayan shekaru, amma aikin gama ya gama. Ranar 27 ga Oktoba Michael D. Higgins na jam'iyyar Labour ya lashe, McGuinness ya zo na uku cikin bakwai da kashi 13.7. Ya ɗara kashi 9.9 da jam'iyyarsa ta samu a babban zaɓen watan Fabrairun shekarar, amma bai kai inda suka sa rai ba.

Daga Arewa aka riƙa jefo wa mutanen Kudu, wato Jamhuriyar, tambaya mai ciwo, kuma daga ɓangarorin rikicin biyu. A 1998 kashi 94 na masu ƙuri'a a Jamhuriyar suka amince da sulhun. Gwamnatocin Dublin sun shafe shekaru suna matsa wa Furotestan Arewa lamba su zauna a gwamnati ɗaya da McGuinness, su miƙa masa ma'aikatar ilimi, alhali su ne suka fi binne waɗanda IRA ta kashe. Yanzu da ya tsallako iyaka, sai ya zama bai cancanta ba? Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Akwai gaskiya a zargin. Sai dai in aka tsaya a nan an rage wani abu. Sulhun 1998 ya saki fursunoni, ya raba muƙamai, amma bai kafa wata hukumar da za ta sa kowa ya faɗi abin da ya aikata ba, kuma babu afuwa ta gaba ɗaya. Tsohon kwamandan da ya faɗi gaskiya yana iya komawa kurkuku, ya kuma ja abokansa. Saboda haka zaman lafiyar ya ginu ne a kan kowa ya san abin da ya sani ya yi shiru. Raba iko a Belfast yana iya tafiya a haka, don lissafin kujeru ne ke ba kowace jam'iyya rabonta. Zaɓen shugaban ƙasa ba ya tafiya a haka, sai mutum ya tsaya shi kaɗai ya roƙi fiye da rabin ƙasa su gaskata shi. A ganina maganar barin ƙungiyar a 1974 ta fi bindigar kanta cutar da McGuinness.

Shaidar haka tana majalisar dokoki. Mutanen Kudu ba su taɓa ƙyamar tura tsohon ɗan IRA can ba. A 1981 sun zaɓi Kieran Doherty yana yajin cin abinci a kurkukun Maze, ya mutu yana ɗan majalisa. Martin Ferris, wanda aka kama da makamai a jirgin ruwan Marita Ann a 1984, ya ci kujerar Kerry a 2002. Gerry Adams, wanda har yau yake musun ya taɓa shiga IRA, shi ya zo na ɗaya a mazaɓar Louth a 2011. A mazaɓa mai kujeru huɗu ko biyar, kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ya ishe ka. Fada kujera ɗaya ce, kuma tsarin zaɓen yana ba mai ƙuri'a damar jera zaɓinsa na biyu da na uku, abin da ke hukunta ɗan takarar da wasu ke matuƙar so, mafi yawa kuma ba sa ko son jin sunansa.

McGuinness ya koma aikinsa a Belfast, ya yi musabaha da Sarauniya Elizabeth a watan Yunin 2012, ya rasu a watan Maris na 2017. Sinn Féin ta ɗauki darasi. Mary Lou McDonald, 'yar Dublin da ba ta da tarihin makami, ta karɓi jam'iyyar a 2018, a 2020 kuma suka fi kowa ƙuri'un zaɓin farko da kashi 24.5, da yawa daga matasan da kuɗin haya ya fi damunsu a kan abin da ya faru kafin a haife su. Duk da haka Fianna Fáil da Fine Gael, tsofaffin abokan gabar yaƙin basasa, suka gwammace su haɗa gwamnati da juna. A zaɓen 2025 Sinn Féin ba ta tsayar da nata ba, ta mara wa Catherine Connolly baya. An taso ta a gaba kan ta taɓa ɗaukar wata da aka ɗaure kan laifin riƙe makami aiki a majalisa, ta ce wanda ya gama zaman kasonsa ya cancanci sabuwar rayuwa, kuma ta lashe da sama da kashi 60.

Akwai batun da bai mutu ba. A 2011 McGuinness bai iya jefa wa kansa ƙuri'a ba, don a Derry yake zaune: ɗan Arewa mai fasfon Ailan yana iya zama shugaban ƙasa, amma ba ya iya zaɓen shugaban. Gwamnatin Enda Kenny ta yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama kan haka a 2017, aka shirya ta a 2019, aka ɗage. Sinn Féin ce ta fi kowa matsawa a yi, kuma ita ce jam'iyya mafi girma a Arewa.