Makinka na JAMB bai kai 200 ba? Kada ka zauna gida

Sakamako ya fito, abokai suna ta ɗora nasu a WhatsApp, kai kuwa 165 ka ci cikin 400. Kwantar da hankalinka, ƙofa ba ta rufe ba.

A 2025 JAMB ta tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 na kwalejojin jinya, 100 kuma na foliteknik da kwalejojin ilimi. Sai dai kowace makaranta tana iya ɗaga nata, musamman a kwasa-kwasan da ake rububinsu, irin likitanci da lauya a BUK ko ABU. Da 165, nacewa a kansu asarar shekara ce.

Fara duba WAEC ko NECO ɗinka: akwai kiredit biyar har da Turanci da lissafi? In akwai, ka canza makaranta ko kwas ta JAMB tun da wuri. Difloma ta shekara biyu a Kadpoly, ko NCE, ko IJMB da ABU ke kula da ita, duk suna iya kai ka aji biyu na jami'a in ka ci da kyau.

Kafin ka biya ko kobo, tabbatar NUC, NBTE ko NCCE ta amince da makarantar.