"Za Ta Ci Gaba a Ɗakinta": Alkawarin Manemi da Komawar Manya Aji

Kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya taɓa jin wata magana daga bakin magabatan ango ranar da suka zo sa rana: "Maganar karatu kuwa, Alhaji, kada ku damu, za ta ci gaba a ɗakinta." Uban yarinya ya ce madalla, a shafa fatiha, a raba goro da alewa. Ba mai tambayar wace makaranta, wa zai biya, yaushe za a fara. Bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sai ka tarar da yarinyar nan, yanzu uwar 'ya'ya huɗu, wataƙila ma auren ya mutu, tana bin layin cike fom ɗin jarrabawar NECO ta 'yan waje tare da sa'o'in ɗanta na fari.

Ƙofofin komawa aji dai suna nan a buɗe, kuma sun daɗe. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka fi sani da NTI, tun 1976 take ba malamai damar ƙaro ilimi ba tare da sun bar bakin aiki ba. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, Shehu Shagari ne ya sa hannu a dokarta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002. Olusegun Obasanjo, wanda aka farfaɗo da ita a zamanin mulkinsa, ya shiga cikinta a matsayin ɗalibi, har ya kammala digirin digirgir a 2017 yana da shekara 80. Ga kuma karatun ƙarshen mako a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, ga na nesa a Jami'ar Ahmadu Bello. Gemu ba ya hana ilimi, wannan kowa ya yarda. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne dalilin da ya sa mutum ya kai shekara talatin da biyar bai gama abin da ya faro yana ɗan sha takwas ba. Ga maza, yawanci talauci ne ko ɗawainiyar gida da ta faɗo musu da wuri. Ga mata da yawa kuwa, manemi ne ya yi alkawari bai cika ba, kuma alamun ba zai cika ba sun bayyana tun lokacin zance.

Wannan koke tsoho ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake naɗa jajisai da malfa, su ɗauki karatu a wurinta su kai wa matan aure har cikin gidajensu a ƙauyuka. A zamaninmu kuma, Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, a ajin manya ta gyara karatunta, ta zo ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, labarin yarinyar da aka hana boko, daga baya ta koma ta yi. Saboda haka mai cewa karatun matar aure baƙon abu ne bai san tarihin gidansu ba.

To mene ne alamun manemin da ba zai cika alkawari ba? Ta farko, a ganina, ita ce amsa mai sauƙi fiye da kima. Manemin da ka ce masa yarinya tana aji biyu a kwaleji, ya ce "ba komai" tun kafin ka rufe baki, bai tambayi nawa ne kuɗin zango ba, bai tambayi nisan makarantar da gidan da zai ajiye ta ba, bai san ma abin da take karanta ba, wannan bai yi niyya ba. Wanda ya yi niyya lissafi yake yi. Zai yi tambayar da za ta iya ɓata wa iyaye rai, zai ce bana ba zan iya ba sai baɗi, zai kawo maganar haihuwa da wanda zai riƙe jariri ranar jarrabawa. Shi "ba komai" a bakin mai neman aure sau da yawa yana nufin a dai ba ni tukuna.

Ta biyu tana fitowa ne a kan lokaci. Ya san gobe tana da jarrabawa, yau ne zai zo zance bayan isha'i ya zauna har goma, in ta nemi uzuri ya yi fushi ya ce takarda ta fi shi. A sa ranar biki, ya nace sai makon da za a fara jarrabawar ƙarshen zango, alhali in an ƙara sati uku ba abin da zai lalace. Ƙawaye za su ce mata so ne, ba ya iya haƙurin rashin ganinta. Ni dai ban yarda ba. Wanda bai iya haƙurin dare ɗaya yana waje ba, ba zai yi haƙurin shekara huɗu ba in ta shiga hannunsa.

Ta uku ita ce wayar hannu. Na taɓa zama a bayan wani ajin ranar Asabar, inda yawancin ɗaliban ma'aikata ne da iyayen gida. Wata baiwar Allah a layin gaba, da kwafin darasi da aka yi wa hoto a cinyarta, duk ta ja layi da jan biro. Wayarta tana ta kaɗawa cikin jaka. Ta fita ta dawo, ta sake fita. A karo na gaba ba ta fita ba, sai ta ɗaga wayar a hankali ta juya fuskarta ga allo da malamin, ta riƙe ta haka na ɗan lokaci, sannan ta kashe. Kiran bidiyo ne, ana so a tabbatar a aji take. Da aka tashi na ji ta kusa da ita tana ce mata, "Yaya, wannan tun ba a ɗaura ba ke nan?" Ta ce, "Kishi ne da shi, in an yi auren zai daina." Kishi halin ɗan Adam ne, kuma addini bai hana shi ba in yana da dalili. Amma neman lambar sirrin waya, da tilasta mata ta fita daga zauren WhatsApp na ajinsu inda ake sanar da ranakun gwaji, da ƙirga mazan da ke ajin, wannan zargi ne, kuma aure ba ya warkar da zargi, ƙara masa iko yake yi.

Wannan mata bazawara ce, kuma a nan abin ya fi ba ni tausayi. Macen da auren fari ya cinye mata karatu, ta yi adashi ta sayar da ɗan kunnenta ta yi rajista, sai manema su sake fitowa, gida kuma a matsa mata da cewa zaman zawarci ba daraja ba ne. Jarrabawar da ta faɗi tana 'yar sha bakwai ita ce aka sake ajiye mata tana da shekara talatin da bakwai. A wannan karon ma da ƙarin tarko. Akwai mai zuwa don ya ji tana da albashi ko jari: wata biyu da fara zance sai ya ce kayansa sun maƙale a hanya, ta ranta masa kuɗin da ta tara na zango, kuma har yau bai turo magabatansa ba, ba ta san gidansu ba, ba ta san takamaiman sana'arsa ba. Akwai kuma mai shigowa ta ƙofar taimako, abokin karatu ko ma'aikacin makaranta, da ya ga hannunta ya yi tsami a kwamfuta: zai cike mata fom, zai yi mata aikin gida, zai yi magana da malami. Ba ya koya mata yadda za ta yi da kanta, domin ranar da ta iya, ranar ce za ta daina bukatarsa.

Maza ma abin yana taɓa su. Magidanci ko tuzurun da ya koma neman difloma don ƙarin girma a wurin aiki, in budurwarsa tana yi masa dariya tana kiransa ɗan makaranta a gaban ƙawayenta, ko tana ganin kuɗin rajista lefenta ne aka rage, ya san abin da zai tarar. Bambancin kawai shi ne namiji ba ya neman izinin kowa kafin ya fita aji.

Ba kuma duk mai ƙin karatun mace ne mugu ba. Wani zai faɗa ƙarara tun ranar farko cewa shi matar gida yake so. Ban yarda da ra'ayinsa ba, amma bai cuci kowa ba, ya bar wa yarinya da iyayenta zaɓi. Wanda ya cuce su shi ne mai cewa to a zaure, ya ce a'a a ɗaki. Jinkirin karatun da hakan ke jawowa kuma yana da tsada da ake iya gani: wanda ya kammala digiri bayan ya haura shekara 30 ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma guraben aiki da dama suna da iyakar shekaru.

A 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, domin an gane akwai abin da ba a barin sa ga "in sha Allahu ba komai". Maganar karatu ba ta bukatar doka, waliyyi mai tambaya take bukata. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim a kan girman cika sharuɗɗan da aka ƙulla aure a kansu, sai dai malaman fiƙihu sun saɓa a kan tilascinsu: Hanbaliyya suna ganin irin wannan sharaɗi ya zama dole, a Malikiyya kuwa, wadda kotunanmu ke bi, yawanci abin so ne a cika shi, ba ya ɗaure miji sai an ƙulla shi ta wata siga ta musamman. Don haka iyaye su tuntuɓi malami ko alƙali kafin ranar ɗaurin aure, a rubuta abin da aka amince a gaban shaidu, da sunan makarantar da wanda zai biya. In yarinya tana tsakiyar karatu, a ga rasit ɗin rajistar zango mai zuwa kafin a tsayar da ranar tarewa, takardunta na asali kuma su zauna a gidan mahaifinta, ta tafi da kwafi.