Sanyin Gaɓoɓi ga Yara a Birnin Zazzau: Suna Ɗaya, Cuta Daban-daban

1.0 Gabatarwa

A Birnin Zazzau, idan yaro ya wayi gari gwiwarsa a kumbure, ya kasa miƙe ta sai hantsi ya dubi ludayi, akan ce sanyi ne ya kama shi. Kalmar sanyi, da 'yar'uwarta amosani, suna da faɗin ma'ana a bakin Bahaushe, domin sukan tattara cututtukan da asalinsu da maganinsu suka sha bamban. Rashin bambance su kan jawo wa yaro naƙasa.

2.0 Rabe-raben Cutar

Aƙalla cututtuka huɗu ne ke fakewa da wannan suna. Akwai amosanin jini, wato sikila, wanda ake gado, ciwonsa kuma yakan taso ya lafa. Akwai zazzaɓin da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro, ya riƙa yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, har ya taɓa zuciya. Akwai tarin fuka da kan sauka a ƙugu ko ƙashin baya. Ta huɗu ita ce kumburin gaɓoɓi mai daɗewa, wadda George Still, wani likitan yara a Landan, ya bayyana siffofinta a 1897.

3.0 Musabbabi da Ganewa

Ba hunturu ne ke kawo wannan ta huɗun ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Garkuwar jiki ce kan juya ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, gado kuma yana da ɗan hannu a ciki. Likita kan tabbatar da ita idan kumburi ya soma kafin shekara 16, ya kai mako 6, aka kuma kawar da sauran ukun ta hanyar awon jini da hoton ƙashi. Takan taɓa ido a ɓoye, don haka duba ido a kai a kai wajibi ne.

4.0 Magani

Bisa al'ada, akan nufi wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, ko maɗori ya ɗaure gaɓar. Ɗauri yana amfanar karaya, amma a nan ƙara sandarar da gaɓa yake yi. A asibiti, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, akan tura yaro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Can akan fara da maganin rage kumburi, ko allura a cikin gaɓar, sannan methotrexate sau ɗaya a mako, tare da motsa gaɓoɓi kullum.

5.0 Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gano cutarsa da wuri kan ci gaba da karatunsa da ƙafarsa. Malamin da ya ga ɗalibi yana ɗingishi da safe, ya warware da rana, kada ya ɗauka lalaci ne, ya shawarci iyaye su kai shi asibiti.