Zaɓen zubin haruffa: a fara duba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ

A watan jiya wani ɗan'uwana mai shagon yadi a Maraɗi ya nuna mini shafin intanet da wani saurayi ya shirya masa. Launi ya yi kyau, hotunan shadda da atamfa sun fito sarai. Amma da na karanta rubutun sai na ga kowane ƙ da kowane ɗ ya fita daban da ƴan'uwansa, siriri, kamar baƙon da aka cusa cikin sahu. A takardar farashi da aka buga kuwa abin ya fi muni: ƙananan akwatuna ne suka tsaya a gurbinsu. Da aka yi wa saurayin magana sai ya ce ya gyara. Gyaran shi ne ya cire lanƙwasar duka. Ta haka "baƙin yadi" ya koma "bakin yadi", har wata mata ta aiko tambaya ko guntaye ne ake saidawa.

Laifin ba na kwamfuta ba ne, na zubin haruffan da aka zaɓa ne. Zubin haruffa shi ne kamannin da aka zana wa baƙaƙe da lambobi, tun daga a har z, da kaurinsu da tsayinsu. Masu Faransanci suna ce masa "police", abin da ya sa sabon sakatare kan zaci za a kira masa ƴan sanda. Kowane zubi yana da mai shi da tarihinsa. An yi Times New Roman a 1932 domin jaridar The Times ta Landan. Helvetica ya fito a Suwizilan a 1957. Arial ya biyo baya a 1982. Waɗanda suka zana su harsunan Turai ne a gabansu. Ba wanda ya tuna da ɓera ko ƙofa.

Tsofaffin ma'aikata sun san wahalar. A zamanin mashin ɗin buga takarda, sakatare kan buga k, sa'annan ya ɗauki biro ya ƙara mata lanƙwasa da hannu, ko ya sa mata ɗan waƙafi a gefe. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1978, waɗanda UNESCO ta kira, sun tattauna haruffan harsunan Afirka, amma taro ba ya ƙera mashin. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi a shekarun 1990 sai aka koma dabara: a ɗauki wani zubi a cire masa alamun da Hausa ba ta bukata, a dasa ƙ da ɗ a wurinsu. Muddin takarda tana cikin injin mai ita, lafiya lau. Ranar da aka kai ta wani ofis inda babu wannan zubi, sai ta zama shirme. Rubuce-rubuce masu amfani na waccan zamani har yau sai an sake buga su baƙi bayan baƙi.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lamba tasa ta dindindin. Ta ƙaramin ƙ ita ce U+0199. Sai dai lamba dabam, zane dabam. In mai zubi bai zana harafin ba, injin yakan aro shi daga wani zubi, in bai samu ba ya aje akwati. Akwai kuma wani tarko da mutane kaɗan suka sani. Manyan Ɓ da Ɗ suna zaune a rukuni guda tare da Ƙ, ƙ, Ƴ da ƴ, alhali ƙananan ɓ da ɗ suna can cikin rukunin alamun masana furuci. Sabili da haka ganin ƙ ya fito daidai ba shaida ba ce cewa ɗ ma zai fito. Mu a Nijar nauyinmu ya fi na maƙwabta: su a Nijeriya waƙafi da y suke rubutawa, mu kuwa ƴ muke bukata, kuma a abin da na gani shi ne ya fi saurin ɓacewa.

To, me mai shafi zai zaɓa? Ni dai na fi amincewa da Noto na kamfanin Google. Sunansa ma daga wannan matsala ya samo asali: masu sana'ar suna kiran akwatin nan "tofu", wato awara, Noto kuwa alkawari ne cewa ba za a ga awara ba. Akwai kuma Charis, Doulos da Andika na ƙungiyar SIL, dukansu kyauta; an yi Andika musamman domin masu koyon karatu, ya dace da littattafan yaƙi da jahilci. Times New Roman da Arial na yanzu sun samu lanƙwasa, amma ba kowace waya ke ɗauke da su ba, ga shi yawancin masu sayen kaya da waya suke buɗe shafi. A kula kuma: domin rage nauyi ana rarraba zubi kashi-kashi, wanda ya aza kashin "latin" kaɗai ya bar "latin-ext" ya bar haruffanmu a ƙofa. Zubi guda mai kauri biyu ya isa shafin kanti. Fiye da haka cin kuɗin mai karatu ne, musamman inda layi ba shi da ƙarfi.

Masu rubuta umurnin kwamfuta bukatarsu wata ce. Su zubi mai faɗi ɗaya suke so, inda i da m ke cin fili daidai, domin layuka su jeru. Courier, wanda aka zana wa mashinan IBM a shekarun 1950, shi ne kakansu, amma sifilinsa yana kama da O, ƙaramin l kuma yana kama da 1. Mai lissafin albashi ko lambar asusu ya san abin da wannan ke jawowa. Consolas da JetBrains Mono, wanda ya fito a 2020, sun sa wa sifili alama a ciki. Ni DejaVu Sans Mono nake buɗewa; ba shi da kyan gani ƙwarai, amma yana nuna mini Maraɗi da ɗ ɗinta cikin jerin sunaye.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya aje Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan sanarwa da takardun ofis na Hausa za su ƙaru, kuma mai sa hannu ne zai ɗauki kunya in "ƙara" ta zama "kara". Kafin shugaban ofis ko ɗan kasuwa ya biya mai shirya shafi, ya sa a buga masa Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, a siriri, a mai kauri da a karkatacce, ya duba a wayarsa, a kwamfuta da kuma bisa takarda. Ɗan'uwan nawa ya yi haka da zubi huɗu da saurayin ya kawo masa. Ɗaya ne ya tsira, da shi aka sake buga takardar farashin.