Kalmar "Drive" da 'Yan'uwanta a Turanci

Yau za mu ɗauki wata 'yar kalma ta Turanci mu dube ta a tsanake, wato kalmar drive. Yawancinmu mun san ta ko da ba mu yi makarantar boko ba, gama daga gare ta muka samo kalmar direba. Amma tuƙin mota ba shi ne ma'anarta ta fari ba, ba kuwa shi kaɗai ba ne. Tana da 'yan'uwa da yawa waɗanda ƙamus yakan jera tare da ita kamar abu ɗaya suke nufi, alhali kuwa kowace da inda ta dosa. Mai yi wa baƙo tafinta a majami'a, da ɗalibi mai karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci, duk suna bukata su san bambancin. Mai magana yana iya faɗin abin da zai ƙarfafa mutane, tafinta ya juya shi ya zama kamar ana korarsu, ba da mugun nufi ba, sai don ya ɗauko kalmar da ba ita ba.

Asalin kalmar

Drive tsohuwar kalma ce ta mutanen Ingila. Fiye da shekara 1000 da suka wuce suna ce da ita drifan, tana kuwa da 'yar'uwa a Jamusanci, wato treiben. Ma'anarta ta fari ita ce a sa abu ya yi gaba da ƙarfi, kamar yadda makiyayi yake kora shanu yana bayansu da sanda. Shi ya sa garken da ake korawa zuwa kasuwa sunansa drove, mai kora shi kuma drover. Mai kora dawakin keken doki shi ne aka ce da shi driver. Da mota ta zo, sai mai tuƙa ta ya gaji sunan, ko da yake babu dabbar da yake korawa.

Daga nan ma'ana ta yi rassa. Bature yakan yi amfani da kalmar nan ga mai buga ƙusa ta shige katako, da iska mai tura jirgin ruwa, da yunwa mai fitar da mutum daga garinsu. In kuwa ya ce wane yana da drive, himma da naci yake nufi. Ashe kalma guda ce a Turanci, amma Bahaushe sai ya zaɓa tsakanin kora, da tuƙa, da kafa, da tura, da himma. Ku lura kuma, ko a Hausa kora shanu zuwa rafi dabam yake da korar ɓarawo daga gari.

'Ya'yan ɗaki ɗaya

A shekara ta 1066 Wilyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. A ƙarnonin da suka biyo baya kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara cikin Turanci. Akwai wata kalmar Latin, pellere, wato turawa ko bugawa, wadda ta haifi 'ya'ya da dama. Ɗan guntun da aka liƙa a gaba shi yake nuna inda turin ya nufa.

Propel ita ce tura abu gaba, kamar yadda inji yake tura jirgi. Daga cikinta muka samo farfela. Expel ita ce kora waje, kamar yaron da aka kora daga makaranta. Repel ita ce mai da abu baya, kamar maganin da ake shafawa sauro ya ƙi kusanto mutum. Dispel ita ce watsa abu ya ɓace, yawanci tsoro ko shakka.

Biyu daga cikinsu su ne suka fi ruɗa mutane, wato compel da impel. Compel a asalinta kora dabbobi ce a tara su wuri ɗaya. Yau ma'anarta tilastawa, inda mutum ba shi da wata mafita. Impel kuwa turi ne wanda yawanci daga cikin mutum yake tasowa, daga lamirinsa ko tausayinsa. Doka tana tilasta wa mutum ya biya haraji, wannan compel ne. Tausayi yana iza mace ta kai wa maƙwabciyarta marar lafiya kunu, ba wanda ya aike ta, wannan impel ne.

Kalmomin mahayi da na manomi

Waɗansu 'yan'uwan daga wurin dabbobi suka fito. Spur shi ne ƙaimin da mahayi yake sawa a diddige. Turanci da Hausa sun haɗu a nan, gama mu ma mukan ce a ƙara ƙaimi. Goad sanda ce mai tsini da ake tsikarar shanun noma da ita, ita ce kuwa aka ambata cikin Ayyukan Manzanni 26:14. In an yi amfani da ita ga mutum, ana nufin an yi ta tsokanarsa har ya aikata abu, sau da yawa cikin fushi. Sunan irin sandan nan a Latin stimulus ne, daga nan aka samo stimulate, wato zaburarwa.

Incentive kuwa yau tana nufin ladan da aka sa wa mutum a gaba domin ya ƙara ƙoƙari, amma tushenta yana komawa ga waƙa da sautin da ake tayarwa. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga yadda gangar noma take sa samari su manta da gajiya, zai gane wannan.

Akwai kuma na zuciya. Motivate daga kalmar Latin movere take, wato motsawa, tushe ɗaya da mota. Ma'anarta a ba mutum dalilin da zai sa ya tashi da kansa. Encourage tana ɗauke da kalmar zuciya a cikinta, daidai da yadda muke cewa ƙarfafa zuciya ko ƙarfafa gwiwa. Inspire kuwa hura numfashi ne a ciki. Amma a yi hankali da incite da instigate. Su ma motsa mutum suke yi, sai dai yawanci zuwa ga ɓarna. Su ne zuga da tunzurawa, irin abin da Bahaushe yake kira ingiza mai kantu ruwa.

Yadda suka fito cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci

A Markus 1:12, inda ake ba da labarin tafiyar Yesu jeji bayan baftismarsa, juyin Sarki Yakubu na 1611 ya sa drive. Kalmar Helenanci da take wurin, ekballo, ita ce Markus yake amfani da ita wajen fitar da aljanu. Matiyu 4:1 da Luka 4:1 kuwa kalmar bi da mutum ko kai shi suka sa. Tafintan da ya ce "kora" kawai a nan zai iya sa mai ji ya zaci fushi aka yi da Yesu. Abin da Markus yake nunawa shi ne ƙarfi da gaggawar aikin Ruhu.

A 2 Korantiyawa 5:14, inda Bulus yake maganar abin da ƙaunar Almasihu take yi masa, juyin 1611 ya sa constrain, juyin NIV na 1978 ya sa compel, juyin NRSV na 1989 kuma ya sa urge. Kalmar Helenancin, sunecho, tana nufin riƙe abu ta kowane gefe. Ita ce aka yi amfani da ita a Luka 8:45 ga taron da ya matsa wa Yesu. Ba bulala ake nufi ba, ƙauna ce ta kewaye mutum har bai ga wata hanya ba sai gaba.

Ga kuma wurin da kalma ta jawo wahala. A Luka 14:23, cikin misalin babban biki, juyin 1611 ya sa compel ga abin da bawa zai yi wa mutanen kan hanya. Agustin, bishof na Hifo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya kafa hujja da ayar nan ya goyi bayan hukuma ta matsa wa mabiya Donatus su komo cikin ikkilisiya. Waɗansu a baya suka bi sawunsa suka tsananta wa mutane. Amma duba misalin da kyau. Bawa guda ne aka aika, ba rundunar soja ba, zuwa cin abinci kuma ake kira. Matalaucin da bai taɓa shiga gidan mai arziki ba sai an nace masa kafin ya yarda da gaske shi ake gayyata.

Abin da za mu riƙe

Sa'ad da ka gamu da ɗaya daga cikin kalmomin nan, yi wa kanka tambaya uku kafin ka fassara. Daga ina ƙarfin yake fitowa, daga waje ko daga cikin mutum? Ina ake kai shi, ga alheri ko ga ɓarna? An bar masa zaɓi, ko kuwa an toshe masa kowace ƙofa? Amsar ita za ta nuna maka ko za ka ce tilasta, ko iza, ko zuga, ko ƙarfafa.

Tambayoyin nan ba na tafinta kaɗai ba ne. Iyaye, da malamai, da dattawan ikkilisiya, kullum aikinsu ke nan su sa waɗansu su motsa. Wanda aka kora da sanda yakan tsaya da zarar mai sandan ya juya baya. Wanda aka ba shi dalili ya karɓa a zuciyarsa kuwa, yakan ci gaba ko ba mai ganinsa. Bari kowannenmu ya duba wace kalma ce ta dace da yadda yake bi da mutanen da suke hannunsa.