Faɗan Baki Ko Na Hannu? Wahalar Tafinta Tsakanin Sifaniyanci Da Ingilishi

Mu da muke riƙe da alli a makarantun Kamaru mun san yaranmu da yawa suna ɗaukar Sifaniyanci a sakandare, ga kuma Ingilishi. Maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifen a 1968, da Sifaniyanci take aikin hukuma, kuma 'yan'uwanmu suna fatauci a Malabo da Bata. Saboda haka zancen nan bai yi mana nisa ba.

Mu ɗauki kalmar "pelea". Da ita ake kiran cacar baki tsakanin miji da mata, da ita ake kiran dambe, har ma da faɗan zakaru. To, da wace kalma za a juya ta zuwa Ingilishi? In aka ce "fight", mai sauraro yana iya zaton an ba hammata iska. In aka ce "argument", an nuna ke nan baki kawai aka yi. Ƙamus zai jera maka duka biyun, amma ba zai zaɓar maka ba.

Sauran 'yan'uwanta ma haka suke. "Reñir" tana nufin yin rigima, tana kuma nufin uwa ta tsawata wa ɗanta, kamar dai "faɗa" a Hausa. "Discutir" ta yi kama da "discuss", sai ɗalibi ya ɗauka tattaunawa ce, alhali sau da yawa gardama ce mai zafi. Ita kuwa "pleito", a Sifen ƙara ce gaban alƙali, amma a Meziko takan zama rigimar bakin titi.

Kada a ɗauka wannan wasan malamai ne. A ce mace ta shaida wa kotu cewa sun yi "pelea" da mijinta. Kalmar da tafinta ya zaɓa tana iya sa alƙali ya ga duka inda babu, ko ta ɓoye dukan da aka yi. Irin wannan haɗari na cikin abin da ya sa Amurka ta kafa dokar tafintocin kotunan tarayya a 1978.

Shawarar da muke ba ɗalibanmu ita ce: a dubi wanda ya yi maganar, da ƙasarsa, da abin da ya biyo baya. In abin bai fito fili ba, tafinta ya nemi izinin alƙali a tambayi mai magana: da baki ne ko da hannu? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah Ya sa mu dace.