Intanet ta zaren gilashi: yadda ake raba layi ɗaya, da abin da Filinge za ta duba

Idan hukumomi suka yi maganar zaren gilashi, wato fibre optique a Faransanci, yawanci kilomita nawa aka binne ake faɗa. Layin da ya ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya wuce kilomita 1000 a Nijar, zuwa iyakokin Aljeriya, Cadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso. Sai dai ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin asibiti a Filinge, mai tazarar kimanin kilomita 180 daga Yamai, akwai tambaya ta biyu: idan zare ɗaya ya shigo unguwa, yaya za a raba shi, kuma nawa kowa zai samu?

Masana suna da hanyoyi uku, kuma duk wanda ya taɓa shayar da dabbobi a rijiyoyin Dallol Bosso zai gane su.

Ta farko ita ce rabon lokaci, TDMA a taƙaice. Guga ɗaya ne, kowa ya ja nasa ya ba na baya. Da ita tsarin GPON yake aiki, wanda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta fara tsarawa a 2003. Na'urar kamfani tana raba layi sau 8000 a daƙiƙa guda, shi ya sa mutum ba ya jin jiran.

Ta biyu, WDM, rabon launin haske ce: rijiya ɗaya, amma kowa da igiyarsa da gugansa. Babu jira, sai dai kayan aikin suna da tsada.

Ta uku, OCDMA, kamar garkuna ne da suka sha ruwa a cakuɗe, kowane makiyayi ya ware nasa ta shaidar da ke jikinsu. Kowane saƙo da lambarsa. Matsalarta, idan masu amfani suka yi yawa saƙonni sukan shiga juna, don haka har yanzu ta fi zama a ɗakunan bincike.

Wajen auna ingancinsu, abubuwa huɗu ake dubawa. Na ɗaya, saurin da ya isa hannun mutum. GPON yana sauko da kimanin megabit 2500 a daƙiƙa. Idan gidaje 64 suka hau a lokaci guda, kowa zai tashi da kusan 39. Na biyu, jinkiri tsakanin aika saƙo da isarsa, wanda shi ke sa kiran bidiyo ya riƙa tsinkewa. Na uku, yawan kuskure: ma'aunin GPON shi ne kada ya wuce ɗaya cikin biliyan 10. Na huɗu, nisa. Duk lokacin da aka raba zare biyu, rabin ƙarfin hasken ne ke bin kowane reshe, kuma don a kai gidaje 64 sai an raba sau shida.

A ƙasar Kurfai wannan na huɗu ne ya fi nauyi. GPON da aka saba kafawa yana kai kimanin kilomita 20, wato kusan tazarar Filinge zuwa gandun kiwon shanun Azawak na Tukunus. Abala ta fi haka nisa nesa ba kusa ba. Garuruwan da ke bayan wannan iyaka sai an kafa musu wata na'ura, ita kuma tana buƙatar wuta da tsaro da mai gyara. Sababbin tsare-tsare sun ƙara sauri: XGS-PON na 2016 yana ba da gigabit 10, NG-PON2 kuma ya haɗa rabon lokaci da launuka huɗu ya kai 40. Amma maganar nisa tana nan.

Saboda haka, ranar da wani kamfani ya kawo tayin shigar da zare gida-gida, ya kamata hukumomin gari su tambayi gidaje nawa za a ɗora kan zare ɗaya, da ƙaramin saurin da aka yi alkawari a rubuce. Hukumar ARCEP ce ke da hurumin auna ingancin rezo a Nijar. Awon da zai faɗi gaskiya shi ne na bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya riƙe salularsa.